Farfelar Katako da Shinkafar Gwadabe

A Garin Mala, can ƙasan Haɗeja ta wajen Guri, inda kogi yake rarrabuwa ya bazu cikin fadama, an yi wani masassaƙi ana ce masa Gwadabe. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Ubansa kwalekwale yake sassaƙawa, amma kafin Gwadabe ya kawo ƙarfi manyan itatuwan maɗaci sun ƙare a yankin, sai ya tsaya ga turmi da taɓarya da ƙotar fartanya da filafilin tuƙa kwalekwale. A filafili ya yi suna. Har daga Auyo masunta sukan ba da saƙo a taho musu da shi. In ya ɗauki itace ya jinjina a hannu, yakan faɗa maka wata nawa da sare shi, kuma ba a cika kama shi da kuskure ba.

Sai dai sassaƙa ba ta cika rumbu. Abin da yake riƙe da gidansa, shi da matarsa Gumsu da 'ya'yansu mata uku, gona ce guda ta shinkafa a bakin fadama, inda ruwa yake zuwa a makare ya janye da wuri. Ta yamma gonar ta yi iyaka da wani dogon faƙo wanda ko ciyawa ba ta son sa. Ta gabas kuma da gonar Shu'ibu, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa. Shekara biyu a jere gonar ba ta ba shi komai ba, ɗaya ruwa ya yi yawa, ɗaya ya yi kaɗan. A ta uku, shekarar da ake ta ɗibar samari soja zuwa yaƙin Bama, shinkafar ta yi irin kyan da mai gona ba ya so a yaba a gabansa.

Shu'ibu kuwa ba ya barin sa. Kullum suka haɗu a kan kunya sai ya ce, "Bawana, bana dai ka ƙoshi. In ka yanke, ka fara kai na ubangidanka gida kafin ka taɓa."

Gwadabe ya ce, "Ubangidan da lauje yake fi ƙarfi? Ka zo da matarka Ramatu ta yanka maka, kai ka riƙe mata goyo."

Saura kamar kwana ashirin a sa lauje, ran nan da hantsi aka ji ƙara daga sama, tana yi tana sarƙewa kamar tsoho mai tari. Wani ɗan ƙaramin jirgin sama ne. Ya kewaya garin sau ɗaya, ya sauko a kan faƙon, ya yi ta gudu har ƙarshensa, ƙafafunsa suka shiga ƙasa mai laushi, ya dungura hanci ya taɓa ƙasa, sannan ya koma ya zauna. Tsakaninsa da shinkafar Gwadabe bai fi taku biyar ba.

Mutum biyu suka fito. Bature ne matashi, hancinsa duk ya saɓule da rana, da wani baƙar fata mai kakin da baƙin mai ya ɓata, makanikinsa, sunansa Buba, Hausarsa ta Kano. Gari ya fito kaf. Bulama Fannami, mai garin, ya zo da tabarma da ƙwai a ƙwarya. Kowa jirgin yake kallo. Gwadabe kuwa idonsa na kan abin da Buba yake kwancewa daga hancin jirgin, dogon katako mai fiffike biyu, ya fi mutum tsawo, a murɗe, yana sheƙi.

Da aka kwantar da shi a tabarma, Gwadabe ya matso ya tsuguna. Bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ba itace ɗaya ba ne. Alluna ne sirara guda bakwai aka manne, sannan aka sassaƙe su tare, ba ka jin gaɓa ko da farce. A bakin fiffike ɗaya, inda ya daki ƙasa, akwai 'yar tsaga, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.

Buba ya ce, "Baba, a yi kallo da ido."

Bulama ya ce, "Bar shi, samari. Masassaƙinmu ne. Duk filafilin da ka gani a kogin nan hannunsa ne."

Buba ya ce, "To, wannan ma filafili ce, sai dai iska take tuƙawa. Farfela sunanta."

Suna cikin haka Baturen ya koma farkon faƙon ya taho yana ƙirga taku. Da ya iso inda jirgin yake bai tsaya ba. Ya shiga shinkafar da takalmansa yana ci gaba da ƙirga, ya ratsa gonar Gwadabe, ya shiga ta Shu'ibu har tsakiya, sannan ya kafa sanda ya dawo. Gwadabe ya jira sai da Buba ya zauna cin abinci, ya rage murya ya ce, "Ɗana, me yake aunawa a gonata?"

Buba mutum ne mai son a tambaye shi. Ya lashe hannu ya ce, "Inji ne ya ba mu matsala, za mu Kano mu ɗauko kayan gyara. In mun gyara, sai tashi. Tashin kuwa farfela ce take yanke shi. Ka ga wannan ta katako? Ɗauke ta ka ji."

Gwadabe ya ɗaga ta da hannu ɗaya.

"Ka ji ko? Ba nauyi. Murɗinta kuma kaɗan ne, ba ta cizon iska da yawa, saboda haka tana juyawa da sauri tun daga farko. In kana so ka fid da kwalekwale daga cikin ciyawar burgu, wane filafili kake ɗauka?"

"Siriri. A yi ta sara da sauri."

"Shi ke nan, ka gama sani. Da ita faƙon nan ya ishe mu mu tashi. Aibinta, in an hau sama ba ta da gudu, kuma ba ta son wahala. Akwai wata a Kano, ta ƙarfe. Sai mutum biyu suke ɗaukarta. Murɗinta mai zurfi ne, ta doguwar tafiya ce, in ta kama hanya babu kamarta, ga ta ba ta tsagewa. Amma nauyinta yana danne hancin jirgi, kuma kafin ta ɗauki wuta sai an yi gudu mai tsawo a ƙasa." Ya nuna sandar da aka kafa da haɓa. "Har can."

Gwadabe ya dubi sandar, ya dubi tsagar.

Buba ya ce, "Kada ka damu. Tsagar nan ƙarama ce, zan zo da gam in ɗaure ta. Muddin ba ta ƙaru ba, da ita za mu tashi. Ita dai kada rana ta dake ta."

Washegari aka ba su dawakai zuwa tashar jirgin ƙasa. Kafin su tafi Bulama ya sa aka yi wa jirgin rumfar zana, farfelar kuma ya ce a kai gidan Gwadabe, tunda shi ya san itace. Shu'ibu ya bi Gwadabe a baya yana cewa, "A buɗe hanya, ga bawana ya yi amarya! Ka shafa mata lalle, ka ji? Shinkafata na hannunta."

Gwadabe ya kwantar da ita a ɗakin da yake aiki, ya rufe da zane. Ya yanki tsinke daidai tsawon tsagar. Kowace safiya kafin ya karya sai ya gwada. Rana ta farko daidai. Ta biyu daidai. Ta uku tsagar ta wuce tsinken da faɗin farce. Iska ta bushe a kwanakin, itace kuwa ko a inuwa yake yana jin ta.

Ya daɗe a tsugune. Ba wai bai san abin yi ba ne. Duk wanda aka haifa a bakin kogin nan ya sani. In kwalekwale ya tsage da rani, ba a kai shi wurin kowa. Nutsar da shi ake yi, itacen ya sha ruwa ya kumbura, bakin tsagar ya rufe kansa. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, shi ma ya yi wa filafili fiye da sau ɗari.

Gumsu ta gan shi yana saɓa farfelar a kafaɗa. Ta ce, "Malam, ina za ka da ita?"

"Gulbi."

"Kayan Nasara ne fa. Yadda aka ba ka, ka mayar haka."

"In na mayar haka, da tsagar za ta kai kamu ɗaya kafin su dawo. Me za ki dafa wa yaran nan bana, ƙarfe?" Ya gyara ta a kafaɗa. "Itace itace ne, Gumsu. Ko na Nasara ne, a ƙasa ya tsiro."

Bai nutsar da ita duka ba, don ya ga ba a wahalar da lafiyayyen gefe a banza. Ya kafa gwangwala a wani lungu mai inuwa, ya tsayar da farfelar ya ɗaure, fiffike mai tsagar a cikin ruwa har kusan rabi, ɗayan a sama ya lulluɓe da tabarma. Kwana shida tana nan. Yakan je ya zauna kusa da ita yana feƙe ƙota, yana kore shanun da suka zo shan ruwa. A rana ta shida ya ciro ta. Ya nemi tsagar da ido, ya nema da farce, sai da ya juya ta ga haske sannan ya ga wani ɗan zare kamar gashi. Ya goge ta, ya shafe ta da man kaɗanya.

Da ya saɓa ta zai koma gida ya ji tana rinjaya gaba. Hannunsa bai ɓoye masa ba. Amma duk filafilin kirki haka yake, nauyinsa a baki, shi ne yake sa ya shiga ruwa da kansa. Ya yi murmushi, ya matsar da ita baya kaɗan a kafaɗa.

A kwana na tara suka dawo, Baturen da Buba, da 'yan doka biyu a kan dawakai, da 'yan alaro ɗauke da kaya. Cikin kayan akwai wani dogon akwati da mutum biyu suke nishi a ƙarƙashinsa. An kawo ta ƙarfen ne don ko-ta-kwana.

Gwadabe ya sa rigarsa ta Juma'a ya kawo ajiya. Buba ya duba bakin fiffiken, ya sake dubawa, ya ce, "Kai! Baba, tsafi ka yi? Ina tsagar?" Mutane suka yi dariya, Bulama yana gyaɗa kai kamar shi ya yi aikin. Sai Buba ya sa hannu ya ɗauke ta ta tsakiya. Dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce a kawo turmi biyu masu tsawo ɗaya. Aka kawo daga gidan Gwadabe. Ya zura sandar ƙarfe ta ramin tsakiyar farfelar, ya ɗora bakin sandar a kan turamen, ya daidaita fikafikan a kwance, ya saki. Fiffike ɗaya ya sunkuya a hankali, ya daki ƙasa. Ya juya ta ya sake. Wannan dai fiffiken ya sake faɗuwa. Ya ɗora sifana a kan mara nauyin, bai hana ba. Ya danna farce a gefen allunan, sai ga danshi, gaɓoɓin da da ba a jin su sun fara buɗe baki.

"Baba, me ka yi mata?"

Gwadabe ya faɗa masa, dalla-dalla, har da yadda ya kare ɗayan gefen daga rana.

Buba ya dafe kai. "Wannan abin yana juyawa fiye da sau dubu kafin ka gama alwala. In gefe ɗaya ya fi ɗaya da nauyin goro, sai ya girgiza injin ya tsinke shi daga jikin jirgi. Kai ka ba ta ruwa kwana shida!"

Baturen ya tambaya, Buba ya mayar masa da Turanci. Kowa yana jiran tsawa. Ba a yi tsawa ba. Dariya Baturen ya yi. Ya yi ta dariya har ya zauna a kan dogon akwatin yana share hawaye, ya sa aka sake faɗa masa wurin kwalekwalen. Da ya huta, ya ce a buɗe akwatin, ya kira Bulama ya nuna masa sandar da take tsaye a tsakiyar gonar Shu'ibu, ya ɗaga yatsu uku. Kwana uku.

Gwadabe ya zube a gaban Bulama. "Ranka ya daɗe, saura kwana goma sha ɗaya ta ƙosa. A kwantar da farfelar a inuwa, za ta bushe. In ma ta ƙarfen ce, a jira mu yanke. Kwana goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Buba ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ko ta bushe ta riga ta tashi aiki, gam ɗin ya saki. Baturen kuma ana jiransa tun makon jiya."

Bulama Fannami ya san a gidan wa 'yan doka za su kwana, ya kuma san wanda za a tambaya in aka wuce kwana uku. Ya ce, "Da ka tashi jiƙawa ka yi shawara da ni? Kai ka jiƙa, kai za ka fara. A ba shi lauje."

Gwadabe bai tashi da wuri ba. Ɗaya daga cikin 'yan dokan ya sauko daga doki ya taimaka masa, irin taimakon da aka daɗe ana ganin shaidarsa in ya tuɓe riga a bakin kogi.

Shi ya yanki damƙar farko. Ƙwayar in ka matsa ta sai farin ruwa. Maza suka shiga bayansa a jere. Abin da aka yanka aka tara a gefe, dawakan 'yan doka suka ci suka ƙoshi, sauran ya yi zafi a tsibi ya ruɓe. Aka baje kunyoyi, aka kwaso ƙasar faƙo a kwanduna aka zuba. Sannan aka fito da matan garin da madaɓansu, su daɓe wurin kamar tsakar ɗakin amarya. Daɓe a garin nan da waƙa ake yin sa. Wannan kwana biyu aka yi ba a jin komai sai faɗuwar itace a ƙasa. Gumsu tana cikinsu, a layin gaba, inda aka ajiye ta.

Ran da aka gama, Gwadabe ya haɗu da Shu'ibu a hanyar masallaci. Rabin gonar Shu'ibu ya tafi. Gwadabe ya tsaya yana jiran zagi, har yana fatan sa. Shu'ibu ya ɗan rusuna ya ce, "Barka da yamma, Malam Gwadabe. Ya iyali?" Ya wuce. Daga ranar har suka tsufa bai ƙara gaishe shi da wata gaisuwa ba sai wannan.

Da safe aka tura jirgin zuwa farkon faƙo, sabuwar farfela tana walƙiya a hancinsa. Buba ya zo da ta katakon ya ajiye a gaban Gwadabe. "Baturen ya ce a bar maka. Wai ka tuƙa kwalekwale da ita." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai aka kira shi.

Iska ta taso daga gabas a safiyar, tana bugun jirgin a fuska. Ya taho da nauyi, ya cinye faƙon, ya shiga daɓen. Bai kai tsakiyar gonar Gwadabe ba ƙafafunsa suka rabu da ƙasa. Ta Shu'ibu kuwa inuwarsa kawai ta bi ta kai. Ya kewayo sau ɗaya, aka ga hannu yana ɗagowa, ya nufi yamma.

A shekarar Gwadabe ya kai 'ya'yansa biyu riƙo wurin dangin Gumsu a Miga. Ɗaya ta dawo.

Ya yi niyyar fasa daɓen da ruwan farko. Kafin ruwan ya sauka takarda ta zo wa Bulama daga hukuma, cewa filin ya yi kyau, a bar shi yadda yake ko wani jirgin zai buƙace shi da rani. Kada a noma, kada a bar ciyawa. Shu'ibu ya bi ta inda ake bi aka sakar masa nasa, tunda ƙafar jirgi ba ta taka shi ba. Na Gwadabe ya zauna. Da aka zo neman wanda zai riƙa share filin, Bulama ya ce ai ba a rasa ba, akwai wanda ya san jirgi. Tun daga nan sunansa ya koma Sarkin Jirgi. A kasuwa in ya shimfiɗa filafilansa sai wani ya ɗaga ɗaya ya ce, "Sarkin Jirgi, wannan an ba shi ruwa ko tukuna?" Masuntan Auyo suka ji labari, saƙo ya yi ta raguwa.

Ya koma yi wa mutane ƙodago a gonakinsu. Kowace damina ambaliya takan kwaso iri daga gonakin maƙwabta ta zube a filin, gyauro ya fito kore shar ta tsagogin daɓen. In ruwa ya janye sai ya shiga ya tumɓuke shi da hannu, tun bai fid da kai ba, ya tara a gefe. Wani jirgin bai sake sauka ba. Yaƙi ya ƙare, 'yan Bama suka dawo, waɗanda suka dawo. Wasu suka ce masa ai wanda ya rubuta takardar ma ya koma ƙasarsu, ya shuka abinsa. Ya je ya tambayi Bulama. Bulama ya ce takarda ba ta tsufa.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura yadda ya kamata.

Da damina ta kewayo, babban ɗan Bulama ya sa ƙarti suka fasa daɓen, tunda filin hukuma ne kuma hukuma ba ta nema. Ƙasa ce da ta daɗe tana hutawa. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin shinkafa irin ta wannan shekara ba, sai da aka nemo mata daga unguwanni uku don sussuka. Gumsu tana cikinsu. An ce ba a cuce ta ba, mudu biyu aka auna mata, a cike.